Littafin lissafi ba ya tsufa, na kwamfuta kuwa sai an duba shekara

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, ɗalibai sun saba da littattafan fotokofi da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, amma ra'ayinsu a kansu ya rabu. Masu karatun lissafi na cewa littafin aljabara ko ya shekara 30 yana da amfani. Masu koyon rubuta manhaja kuwa kokawa suke yi: tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2, amma littattafansa na ci gaba da yawo. A Python 3, ko umarnin print ya canza. Ɗalibi ya kwafi misali, kwamfuta ta ƙi, ya zaci kansa ne ba ya ja. Shawarar waɗanda suka ga jiya: a duba shekarar bugu kafin a fidda kuɗi.