Awa huɗu, gram 100, kwana 30: lissafin ƙaguwa mai taushin ɓawo

A Satkhira ta kudu maso yammacin Bangladesh, da Ranong ta Tailan, da gaɓar tekun Miyanma, ana kiwon ƙaguwar laka, jinsin Scylla, don a sayar da ita a daidai lokacin da ta yi saɓa, kafin sabon ɓawonta ya yi tauri. A cinye ta ɗungurungum, har ɓawon.

Ana zuba ƙanana, masu nauyin gram 60 zuwa 120, kowace a akwatinta na roba mai huji, jere a kan bututun da ke yawo bisa ruwa. Raba su dole ne, don wadda ta yi saɓa ba ta iya kare kanta, 'yar'uwarta sai ta cinye ta. Ƙanana kuma sun fi manya yawan saɓa, galibi cikin kwana 20 zuwa 40.

Lissafin da ya fi ruɗar mutane shi ne na nauyi. Ƙaguwa mai gram 100 takan fito daga tsohon ɓawo da ƙarin kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Akasarin wannan ƙari ruwa ne da ta zuƙa don ta kumbura jikinta. Tsoka sai daga baya take cike gurbin. Amma a kan sikeli ake ciniki, saboda haka ribar makiyayi tana cikin wannan ruwan.

Shi ya sa gajerar hanya ke da tsada. Wasu kan sa ƙaguwa ta yar da ƙafafunta, abin da ke gaggauta saɓa zuwa mako biyu ko uku, sai dai ƙarfinta kan tafi wajen tsiro da sababbi, ta fito ba nauyi. Wasu kan cire gindin idonta, inda sinadarin da ke hana saɓa yake fitowa, nan kuma mace-mace kan ƙaru. A ganina, kwana goman da aka rage ba su biyan wannan asara. A Jami'ar Hasanuddin da ke Makassar, Yushinta Fujaya ta bi wata hanyar gaggauta saɓa: sinadarin da aka tato daga alayyafo.

Ruwan tafkin kansa na da sharaɗi. Zafi wajen digiri 25 zuwa 32, gishiri wajen gram 15 zuwa 25 a lita, alhali na teku 35 ne. Idan ruwan damina ya tsarma tafki farat ɗaya, ko sanyi ya shigo, ƙaguwa kan daina ci, wata ma ta maƙale a tsohon ɓawo ta mutu.

Sai batun agogo. Sabon ɓawo kan fara tauri cikin 'yan awanni, don haka ana zagaya akwatuna duk bayan awa huɗu, dare da rana. A ƙaddara gona mai akwati 10,000: leƙe 60,000 ke nan kullum, rabinsu da tocila. Wadda aka samu da taushi a tsoma ta cikin ruwa marar gishiri, sannan a daskarar da ita. Wadda aka makara a kanta ta koma farashin ƙaguwar kasuwa, ko a jira wata saɓar.