Daga Kwaleji Zuwa Jami'a: Hanyar Masu Neman Ilmin Muhalli

A shekarar 1988 ne aka gano an jibge dubban gangunan guba daga ƙasar Italiya a garin Koko, wanda yake cikin Jihar Delta a yau. Wannan al'amari shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli kafin ƙarshen shekarar, daga baya kuma, a 1999, ta kafa Ma'aikatar Muhalli sukutum. Tun 1992 doka ta wajabta cewa kafin a soma wani babban aiki, kamar madatsar ruwa ko masana'anta, sai an binciki illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da iska. Irin wannan bincike kuwa aikin masana ne, kuma Arewa, inda hamada da zaizayar ƙasa ke cin gonaki, tana cikin masu tsananin bukatarsu.

To, ba dole ne mai sha'awar wannan fanni ya faro daga ajin farko na jami'a ba. Wanda ya yi shekara uku a kwalejin horon malamai, kamar ta Zuba, ya sami takardar NCE, ko ya yi shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha ya sami difloma ta ƙasa, yana iya neman shiga kai tsaye, watau a sa shi aji biyu. Ke nan digirin da ake yi cikin shekara huɗu sai ya gama shi cikin uku. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, mai hedkwata a Bwari, ita ce ke karɓar takardun nema, kuma tun 2021 ba ta rajistar kowa sai da lambar zama ɗan ƙasa.

Amma fa akwai inda mutane da yawa suke tuntuɓe. Takardar kwaleji ba ta shafe gibin sakandare. Lalle ne ɗalibi ya kasance yana da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, ko da kuwa ya fi kowa ƙoƙari a kwaleji. Sa'an nan wajibi ne abin da ya karanta ya dace da abin da yake nema: mai Labarin Ƙasa ko Kimiyyar Halittu ko ta Sinadarai hanyarsa a buɗe take, mai Hausa da Larabci kuwa da wuya. Kowace jami'a tana da matakin cin da take yarda da shi, saboda haka sharuɗɗan Jami'ar Abuja ba lalle su zama ɗaya da na Jami'ar Bayero ta Kano ba, sai a duba littafin bayanin Hukumar kafin a biya ko kwabo.

Abu na ƙarshe shi ne cikakken sakamakon karatu, wanda kwalejin ce da kanta za ta aika wa jami'a. Wannan takarda takan yi jinkiri, gurbin aji biyu kuwa kaɗan ne, don haka ya kamata a neme ta da wuri. Hukumar tana tuntuɓar makarantar da ta ba da takardar shaida don tabbatarwa, kuma wanda aka samu da jabu zai rasa gurbinsa, ko da ya riga ya fara karatu.