Ƙurar da ido ba ya gani

Mutumin Filato ba baƙon ƙura ba ne. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka soma haƙar kuza, leburori ke shaƙar garin dutse tsakanin Jos da Bukuru. Waccan ƙurar ana ganinta, tana sa tari, mutum ya kauce. Wadda ke shigowa yanzu cikin gwangwanin fenti da robobin sinadarai ba ta ko nuna kanta.

Ƙwayoyin nano ke nan, waɗanda ake ƙerawa da gangan, girmansu bai wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Ana zuba su cikin wasu fenti, da man goge mota mai hana ruwa zama, da batura, don su ƙara wa kaya ƙarfi da sheƙi. Ƙanƙantar nan kuwa ita ce haɗarin. Gashin hanci da majina kan tare ƙura mai kauri, amma waɗannan sai su zarce can ƙasan huhu, wasu har su ratsa cikin jini.

A 2009 likitoci a birnin Beijin na ƙasar Sin suka ba da rahoton mata bakwai da suka shafe watanni suna feshin wani sinadarin roba a ɗakin da babu taga, na'urar zuƙe iskarsa kuma ta lalace. Ruwa ya taru musu a ƙirji, biyu suka rasu, aka kuma tarar da ƙwayoyin a huhunsu. Masana sun yi ta muhawara ko ƙwayoyin kaɗai ne sanadi, amma babu wanda ya wanke rufaffen ɗakin. A 2011 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce farin sinadarin titaniyam da ake sa wa fenti, in ya zama nano, kada ya wuce miligiram 0.3 a kowace mita kubik ta iska, alhali mai kaurinsa an yarda da 2.4. Abu ɗaya ne, ƙanƙanta kawai ta rage ma'aunin har ninki takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da ƙa'idojin kare ma'aikata daga irin wannan a 2017.

To, ina ruwan unguwar Daɗin Kowa ta Jos? Ruwanmu na garejin masu fentin mota da shagunan walda, domin hayaƙin walda ma cike yake da ƙwayoyi masu irin wannan girma. Fentin da ke zaune a gwangwani bai cika cutarwa ba. Sai an fesa shi, ko an goge busasshensa da samfefa, yake tashi. Wa ake bai wa gugar? Yaron shago, da ƙyalle ɗaure a hanci. In an tashi aiki a miƙa masa gwangwanin madara wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take shiga, ba ta bi ta huhu.

Gyaran yana hannun maigida, kuma ba shi da tsada kamar jinya. A yi feshi inda iska ke janye hayaƙi daga fuskar mai yi, a jiƙa wuri kafin guga, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya, kada a ci abinci a inda ake aikin. Takunkumin N95 na tare ƙura in ya kama fuska sosai, amma tururin fenti sai mai matatar gawayi. Yaron da tarinsa ya haura mako biyu, ko numfashinsa ke sarƙewa, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita ainihin sana'ar da yake yi.