Yaron da Ya Fi Kowa Gudu

Ran 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan Nijeriya da Angola a filin wasa na Surulere, Legas, sai Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Shekarunsa 25. Da likitoci suka binciki gawarsa, suka tarar zuciyarsa ta yi girma fiye da kima. Haka Marc-Vivien Foe na Kamaru ya rasu a Faransa a 2003. Shi kuwa naman zuciyarsa ne ya yi kauri, ciwon da akan gada daga iyaye.

Abin da ke ruɗinmu, 'yan'uwa, sau da yawa irin wannan yaro shi ne gwanin ƙungiya. Amma jiki kan yi gargaɗi: suma cikin gudu, ciwon ƙirji, bugun zuciya barkatai, ko wani ɗan'uwa da ya mutu farat ɗaya da ƙuruciyarsa. Mu kuwa sai mu ce zafin rana ne, a yayyafa masa ruwa ya koma fili. Wurin likita ya kamata a kai shi.

Tun 1982 Italiya ta wajabta awon zuciya ga 'yan wasa, har da na'urar ECG. Awon ba ya kama kowane ciwo, amma a yankin Veneto irin wannan mutuwa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

In yaro ya faɗi ba ya numfashi, kada a tsaya fifita. A riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Da wannan, da na'urar farfaɗo da zuciya, aka ceto Christian Eriksen na Denmark a 2021.