Kurket a ƙauyukan Ingila: cika mutum 11 ma nasara ce

Mu da muka saba da kokowa da ƙwallon ƙafa, ba kasafai muke jin labarin wasan kurket ba. Amma a ƙauyukan Ingila, daga ƙarshen watan Afrilu zuwa Satumba, ranar Asabar tasa ce. Wasa ne na sanda da ƙwallo, mutum 11 kowane ɓangare, a wuni ana fafatawa.

A ƙananan rukunoni babu mai albashi. Hasali ma ƴan wasa ke biyan kuɗi kafin su buga. Su ke yanke ciyawar fili, su daddaɓe shi. Ruwan sama na saukowa, wasa ya tsaya.

Babban ciwon kan kyaftin shi ne cika mutum 11. Yakan kai daren Juma'a yana kiran waya, har ya haɗa dattijo da jikansa. In mutane suka yi ƙaranci, sai a sallama wasan, maki ya tafi ga abokan karawa.

Tun 1972 akwai kofin ƙauyuka, wanda ake buga wasansa na ƙarshe a filin Lord's na Landan. Ƙalilan ke kaiwa can. Sauran kuwa, in Satumba ta zo ƙungiya ba ta watse ba, kaka ta yi kyau.