Ramar Damina da Yadda Za a Rage Ta

Malamin gona da ke zagaya ƙauyukan Kwali, Kuje, Abaji da Gwagwalada ya san cewa manoma da yawa sukan rame tsakanin Yuni da Agusta, sannan su murmure bayan kaka. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan zazzaɓi kawai. Zazzaɓi na da nasa kason, amma babban dalilin shi ne aiki ya fi abinci yawa.

Jikin ɗan Adam yana samun kuzari daga abinci, kuma ana auna wannan kuzari da kalori. Idan abin da ka ci ya yi daidai da abin da ka ƙone, nauyinka zai tsaya. Idan ya zarce, jiki zai adana rarar a matsayin kitse. Idan ya gaza, jiki zai ci daga kitsen da ya tara, in gibin ya daɗe kuma ya taɓa tsoka. A nan illar take, domin tsoka ce ke ɗaga fartanya.

Bisa ma'aunin da hukumomin FAO da WHO suka fitar a 2004, matashi mai kilo 60 yana ƙone kalori kusan 1,600 a yini ko da kwance yake. Mai aikin ofis yana buƙatar wajen 2,400, mai huɗar doya da noman fari kuwa fiye da 3,000. Mace mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kusan 500. Wannan buƙata tana hauhawa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabuwar doya ba ta nuna ba, hatsi kuma ya yi tsada. Binciken da aka daɗe ana yi a Keneba, ƙasar Gambiya, ya nuna irin wannan rama duk damina, har jariran da aka haifa a lokacin sukan zo da ƙarancin nauyi.

Cika ciki daban, samun kuzari daban. Giram 100 na ɗanyar doya bai wuce kalori 120 ba, domin yawancinta ruwa ne. Dawa ko masara na ba da kusan 350, gyaɗa fiye da 550, mai kuwa kusan 900. Saboda haka a ware buhun gyaɗa, waken soya ko riɗi tun kaka, kada a sayar da duka don farashi ya yi kyau. A zuba gyaɗa a kunu, a ƙara manja a miya, a kai wa masu aiki abinci gona da hantsi. A ganina, macen da ke noma, ta ɗebo ruwa da itace, kuma tana shayarwa, ita ya kamata a fara zuba wa.

Don gane wanda ya rame, raba nauyinsa a kilo da tsawonsa a mita, ka sake rabawa da tsawon. Mai kilo 52 da tsawon mita 1.70 zai sami 18. Ƙasa da 18.5 rama ce, 25 zuwa sama ƙiba ce ta wuce kima, kodayake lissafin ba ya bambanta kitse da tsoka, kuma ba a yi shi don yara da masu juna biyu ba. Auna mutum ɗaya a watan Maris, ka sake aunawa a Agusta, da sikeli guda.