Ba Kowane Ƙullutu a Huhu Ne Ciwon Daji Ba

Da zarar sakamakon hoton ƙirji ya nuna ƙullutu a huhu, sai gida ya rikice. Kafin likita ya buɗe baki, dangi sun riga sun yanke hukunci cewa ciwon daji ne, wani ma har ya kawo lambar mai maganin gargajiya. Wannan ɗabi'a ta isa haka.

Ƙullutun huhu ɗan dunƙule ne da bai wuce santimita 3 ba, kuma galibin irinsa ba kansa (ciwon daji) ba ne. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 53,000 da suka daɗe suna shan sigari, wanda ya fito a 2011, kusan kashi 24 cikin ɗari na hotunan CT sun nuna abin zargi. Da aka bi diddigi, kimanin kashi 96 cikin ɗari na waɗannan ba kansa ba ne. Mashaya fa ke nan, waɗanda suka fi kowa haɗari! A Najeriya kuwa, inda tarin tibi ya yi katutu, sau da yawa ƙullutun tabon tsohon ciwo ne da ya warke.

Girman ƙullutun likita ke fara dubawa. Wanda bai kai milimita 6 ba, wato bai kai ƙwayar wake ba, yiwuwar ya zama kansa ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Daga 6 zuwa 8, a sake hoto bayan wata 6 zuwa 12. In ya haura 8, sai a matsa bincike, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a gwada. Gefe mai tsika-tsika, zama a saman huhu, tsufa da shan taba duk suna ƙara zargi.

Inda mutane ke yin sakaci shi ne komawa asibiti. An ce a dawo bayan wata 6, sai mutum ya ji garau ya watsar, alhali kansar huhu kan yi shiru a farkonta. Tsohon hoto ma kada a jefar, ko na shekarun baya ne, domin da shi ake kwatantawa. Dunƙulallen ƙullutun da ya yi shekara 2 bai ƙaru ba, galibi ba abin tsoro ba ne. A bar sigari da shisha. Mai tarin da ya wuce mako 2, ko kaki da jini, ko rama, kada ya jira ranar da aka ba shi, ya je a gwada kakinsa.